Tsohon Fil a Wutsiyar Jirgi

Mutumin da ya fara cutarmu a ƙasar Turawa ɗan gida ne, kuma da Hausa ya yi mana sallama. Mun sauka Landan a ƙarshen shekarar 1978, ni da Yaya Bulus, muna tsaye a tashar jirgin ƙasa muna karkarwa, sai ga wani mutum da hular zanna ya nufo mu baki har kunne. Ya tambaye mu daga ina, muka ce Funtuwa. Ya dafe ƙirji ya ce ai kakarsa 'yar Bakori ce. Allah kaɗai ya san yawan garuruwan da wannan kaka tasa ta fito, amma mu a ranar mun yarda. Ya ce can arewa inda za mu, sanyi yana kashe mutum a tsaye, shi kuwa ya san inda ake samun rigunan sanyi da araha. Ya ja mu wani lungu, ya fito mana da manyan riguna biyu masu gashi a wuya, tawa ruwan ƙasa, ta Yaya Bulus koriya shar. Muka biya, muka yi masa godiya har da addu'a.

Sunana Lawal. Ni ɗan Maska ne, amma a kasuwar Funtuwa na buɗe ido, a gindin dalbejiyar da mahaifina ke gyaran keke. Yaya Bulus daga wani ƙauye yake kusa da Dayi, Kirista ne, ɗan mai wa'azi, ya girme ni da shekara shida. A Zariya muka haɗu, inda muka yi shekara biyu muna koyon gyaran jirgin sama. Da muka gama, sai kamfanin jiragen da ya ɗauke mu aiki ya zaɓe mu mu biyu, aka tura mu wata makaranta a Sikotilan, can arewacin Birtaniya, mu yi wata takwas. A ƙarshe za a ba mu takardar da ke ba mutum ikon sa hannu cewa jirgi ya isa tashi. Wanda ba shi da wannan takarda, ko ya shekara talatin a bakin aiki, mai miƙa sufana ne kawai.

Wuni guda muka yi a jirgin ƙasa. Duk wanda ya wuce ta wurin kujerarmu sai ya dube mu ya yi murmushi, wasu ma har su waiwayo. Yaya Bulus ya ce ashe ƙarya ake yi wa Turawa da ake cewa ba su da fara'a. Wata tsohuwa da ke fuskantarmu ta buɗe jakarta ta raba mana burodi da cuku, ta yi ta yi mana magana da wani irin Turanci da ban kama ko kalma biyar a ciki ba. Ni da na zo na ɗaya a Turanci a makarantar sakandare, sai ga ni ina gyaɗa kai kamar ƙadangare.

An sama mana ɗaki a gidan wata gwauruwa mai suna Magi, muka mayar da ita Iya Magi, ta kuwa karɓi sunan. Sai da muka yi sati biyu muna yawo a gari da rigunanmu kafin ta iya daurewa ta gaya mana. Ta zaunar da mu, ta zuba mana shayi, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce rigunan suna da kyau ƙwarai, amma fa na mata ne. Ta nuna mana gefen da maɓallan suke, da yadda aka tsuke su a ƙugu. Yaya Bulus ya dubi koriyar rigarsa a jikin ƙofa, ya ce ashe fara'ar ke nan. Iya Magi ta hau sama ta sauko da rigunan marigayi mijinta guda biyu, ta rage hannun tawa da allura a yammacin nan. Har muka bar ƙasar ba ta sake tayar da maganar ba.

Abinci kuwa sai haƙuri. Dankali dafaffe da safe, dankali da yamma, ga wani kabeji da aka dafa har ya fita hayyacinsa. Abin da ya cece mu shi ne ƙullin kuka da daddawa da Saratu, matar Yaya Bulus, ta cusa masa a akwati. Ranar da muka fara kaɗa miya, Iya Magi ta shigo kicin da tsintsiya tana leƙa bayan kabad, wai ɓera ya mutu a wani wuri. Da ta gane daga tukunyarmu ne, sai ta buɗe taga, ta ce mu riƙa yi ranar Asabar in ta tafi kasuwa. Kafin wata uku ta daina tafiya kasuwar sai an sauke, tana cin tuwon samolina da cokali mai yatsu. Ita ce kuma ta ware mini tukunya guda, ta ɗaura mata jan zare a hannu, ta ce naman alade ba zai taɓa shiga cikinta ba. Ban roƙe ta ba, ta lura ne kawai.

Duhun wurin ya fi sanyin takura mini. A watan Disamba ƙarfe huɗu na yamma ba ta yi sai gari ya rufe, mu fita da duhu mu dawo da duhu. Ni kuma na san a daidai lokacin ana kakar auduga a gida, motoci sun yi layi a Funtuwa, kowane manomi ya kawo kekensa a canja masa taya, Baba ba shi da lokacin cin abinci. Nakan shiga banɗaki in buɗe famfo in yi kukana. In na fito da jajayen idanu, Yaya Bulus ba ya tambaya, sai ya ce sanyin nan yana sa ido ruwa, shi ma yana yi masa haka.

A cikin wannan watan wasiƙar Saratu ta zo. Ya karanta, ya ninke, ya sake buɗewa, ya tashi ya zauna. Da na matsa masa, sai ya ce wai mutuniyar ba ta jin daɗin jikinta da safe. Na ce Allah ya raba lafiya, ya ce amin yana kallon ƙasa. Daga baya ya gaya mini abin da ban sani ba duk zamanmu a Zariya. Cikinta na farko, yana makaranta ta haihu, yaron bai zo da rai ba, ita ma da kyar ta sha. Mahaifinsa ne ya rubuto masa, kafin ya isa gida har an yi kwana tara. Tun daga ranar ya yi mata alkawari cewa in Allah ya sake kawowa, yana tsaye a bakin ƙofa za ta haihu. Muka ƙirga watanni da yatsu. Za mu gama a tsakiyar Yuni, haihuwa kuma farkon Yuli. Ya ce Allah ya gyara masa lissafi.

Makarantar tana gefen wani ƙaramin filin jirgi. Akwai wata ƙatuwar rumfar kwano da ta fi siton auduga girma, a ciki muke aiki. Malaminmu na aikin hannu wani tsoho ne gajere, Mista Dankan, mai kaurin yatsu da ƙarancin magana. Yaya Bulus ya sa masa Sarkin Maƙera. Ba ya faɗa, ba ya yabo. In ka gama aiki sai ya zo ya shafa da yatsa, ya leƙa da tocila da ɗan madubi, in bai yi masa ba ya ce sake, ya wuce. Kowane aiki yana da kati. Wanda ya yi aikin ya sa hannu, abokin aikinsa da ya tsaya ya gani ya sa hannu, sannan Mista Dankan ya sa nasa.

Tun a satin farko ya nuna mana wani jan bokiti a tsakiyar rumfar. Akwai wani ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu, bai kai tsawon ashana ba, ana zura shi a ramin da ke kan noti a tanƙwara ƙafafun don kada notin ya kwance. Fil muke ce masa. Mista Dankan ya ce fil sau ɗaya ake amfani da shi. In an cire, ko an lanƙwasa ba daidai ba, sai jan bokiti, a je sito a karɓo sabo. Ya faɗi dalili, ya ce ƙarfe yana gajiya in an lanƙwasa shi an miƙe. Na rubuta a littafi, har na ci jarrabawa a kai. Amma a zuciyata cewa nake yi wannan dai almubazzarancin masu hali ne.

Dole in faɗi inda na samo wannan taurin kai. Baba bai taɓa jefar da ƙarfe ba. Yana da guntun ƙarfen titin jirgin ƙasa a gindin dalbejiya, kuma aikina na farko a duniya shi ne miƙe lanƙwasassun ƙusoshi da wayoyin ƙafar keke a kansa. In ka yar da noti, sai ya sa ka tone ƙasa ka gano shi, ya ce wanda ya ƙera bai yi don a tattake ba. Na ƙware har mutane kan ce ba a bambanta ƙusar da na miƙe da sabuwa. Da wannan tattalin Baba ya ciyar da mu goma sha ɗaya, ya sa ni a makaranta. To, ka ɗauki ɗan wannan mutum ka tsayar da shi gaban bokiti cike da ƙarfe fari tas, irin wanda babu kamarsa a duk kasuwar Funtuwa, ka ce masa shara ce. Raina ba ya iya ɗauka.

Sai na fara tsinta. Kullum in za a tashi sai in ɗebi uku ko huɗu in zuba a aljihu. A gida in zauna da 'yar guduma a kan dutsen bakin ƙofar baya, in miƙe su, in goge, in zuba a gwangwanin biskit. Niyyata in kai wa Baba tsaraba, ina hango yadda zai jujjuya su a tafin hannu yana jinjina kai. Yaya Bulus ya sha yi mini tsiya, ya ce ɗan Maska ko a Aljanna aka sa shi sai ya tsinci ƙusa. Bai ɗauki abin da zafi ba, ni ma haka.

A watan Mayu, saura sati biyar mu gama, aka fara ba mu aiki a kan jiragen gaske, ƙanana masu kujera biyu da ɗaliban tuƙi ke koyo da su. Wata Juma'a da yamma aka ba mu ɗaya, ni da Yaya Bulus, mu canja wata sanda a cikin wutsiya, wadda in matuƙi ya ja sitiyari take sa jirgi ya ɗaga kai ko ya sunkuya. Wurin matsattse ne, hannu ɗaya ke shiga. Na karɓo sabon fil daga sito, garin tanƙwarawa filaya ta zame, ya karkace. Ƙa'ida in koma sito. Amma mai siton wani mutum ne mai baƙar magana, duk wanda ya koma sau biyu sai ya ɗaga murya ya tambaye shi ko cin su yake yi. Ga lokaci ya ƙure, ga miƙaƙƙun fil guda biyu a aljihuna, girmansu ɗaya da wanda ake so. Na zaro ɗaya na zura, na tanƙwara, ya zauna cif.

Yaya Bulus yana ɗaya gefen yana mayar da murfi. Ya ce, "An sa?"

Na ce, "An sa."

Ya leƙo da tocila, ya ga abu yana ƙyalli, ya sa hannu. Mista Dankan ya zo da madubinsa, ya duba, ya shafa, shi ma ya sa hannu. Aka rufe, aka rubuta a allo cewa jirgin zai tashi Litinin ƙarfe takwas na safe. Wallahi har wani daɗi na ji a hanyar gida, cewa aikin gindin dalbejiya ya wuce idon Sarkin Maƙera.

Ranar Lahadi da hantsi, Yaya Bulus da Iya Magi sun tafi coci, na zauna a bakin ƙofar baya da gudumata. Na ɗauki ɗayan fil ɗin da ya rage a aljihuna, ɗan'uwan wanda na sa, tare na tsince su, tare na miƙe su. Na ga ƙafarsa ɗaya ta ɗan buɗe, na sa yatsa in matse. Sai ƙafar ta ɓalle ta faɗi a cinyata. Ban sa ƙarfi ba ko kaɗan. Na ɗauki guntun na duba bakin karayar, rabinsa baƙi ne, alamar ya daɗe da tsagewa daga ciki, waje kuwa yana ta ƙyalli.

Na san wanda zai tuƙa jirgin, sunansa yana kan allo. Wani ɗalibi ne ɗan Malesiya, mai yawan dariya, tare muke sallar Juma'a a wani ɗaki a bayan ofis. Na yi ta gaya wa kaina cewa notin a ɗaure yake, fil ɗin tsaro ne kawai, wataƙila ya shekara bai motsa ba. Duk gaskiya ne. Amma na san yadda ƙaramin jirgi ke girgiza, na kuma san abin da zai faru in sandar nan ta saki a sama.

Da suka dawo na ja Yaya Bulus ɗaki na nuna masa guntayen, na gaya masa komai. Na ce ina da dabara. Mu yi sammako Litinin, mu buɗe murfin mu canja, babu wanda zai sani, asirinmu a rufe. Ya ce da wane mabuɗi za mu shiga, kuma wane sito ne zai ba mu sabon fil kafin takwas ba tare da kati ba. Na ce to zan je in faɗa ni kaɗai, in rantse cewa shi bai san komai ba.

Ya dube ni ya ce, "Ai laifin nawa ke nan, Lawal. Na sa hannu na ce na ga an sa sabo, ban kuwa gani ba. Maganarka na gani."

Na ce, "Yaya, in suka kore mu fa? In suka tsare mu? Saratu fa?"

Ya zauna a bakin gado da kayan cocinsa, ya haɗe hannuwa. Sannan ya miƙe ya ce in ɗauko gwangwanin, mu tafi.

Mun sami Mista Dankan a bayan gidansa yana yi wa dankali huɗa, kunyoyin a karkace, abin da ko yaro a Maska ba zai yi ba. Ya jingina da fartanyarsa ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Tambaya ɗaya ya yi, ko akwai wani jirgin da na taɓa yi wa haka. Na ce babu. Ya sake tambaya yana kallon idona, na sake cewa babu. Ya shiga gida ya buga waya, ya fito da mabuɗai, ko ƙasar hannunsa bai wanke ba. A rumfar ya sa ni na cire fil ɗin da kaina. Da ido ban ga komai ba. Ya ɗora shi ƙarƙashin gilashin da ke ƙara girman abu, ya matsa ya ce in duba. Akwai wani ɗan layi siriri kamar gashi a daidai lanƙwasar.

Ya buɗe gwangwanin, ya tambaye ni na mene ne. Na gaya masa labarin Baba da guntun ƙarfen jirgin ƙasa. Ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya ce a shekara arba'in bai ga wanda ya iya miƙe fil haka ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba shi tsoro. Ya ce shi ma mahaifinsa haka yake, yana da kwalba cike da tsofaffin ƙusoshi.

"Mahaifinka yana da gaskiya," in ji shi. "Amma keke in ya lalace, sauka ake yi a tura."

Sannan ya miƙo mini almakashin ƙarfe, na yanke su ɗaya bayan ɗaya, duk tarin wata shida, suna faɗawa jan bokiti.

Ranar Laraba aka zauna a kanmu. Dokar makarantar a fili take, wanda ya sa tsohon kaya a jirgi da saninsa kora ce. Ina zaune ina tunanin yadda zan sauka a tashar Funtuwa hannu biyu, in tsaya gaban Baba in ce masa abin da ya koya mini ne ya koro ni. Sai Mista Dankan ya nemi magana. Ya ajiye katin a tebur ya ce hannu uku ne a kai, na ukun nasa ne, don haka in za a rubuta rahoto a fara da sunansa. Ya ce ɗaliban da ke ɓoye kuskure ya gani da yawa, waɗanda suka zo har gida ranar Lahadi suka tona kansu kuwa bai wuce ya ƙirga da hannu ɗaya ba, kuma irin waɗannan yake so su riƙa sa hannu a jirgin da jikokinsa za su shiga. Aka fitar da mu, aka daɗe, aka sake kiranmu. Ba a kore mu ba. Amma za mu maimaita zangon ƙarshe, mu biyu, wata uku. Sai Satumba.

Ni na ji kamar an sauke mini dutse. Da na juya na ga fuskar Yaya Bulus, sai dutsen ya dawo. Ya roƙi a bar shi ya je gida sati biyu ya dawo, aka ce wanda ya katse zango sai ya jira wata shekara, kuma inda muke aiki ba za su sake biyan jirgi ba. A hanya na ba shi haƙuri har bakina ya gaji. Ya ce ya ji. Daga ranar ya daina yi mini magana.

Ba gaba ya yi da ni irin ta ƙiyayya ba. Muna ɗaki ɗaya, muna aiki ɗaya. A rumfa zai ce miƙo, riƙe, saki, shi ke nan. Ya daina kiran sunana, tsiyar ɗan Maska ta ƙare. Kowane fil da zan sa, sai ya bi ni har sito, ya ga an buɗe takardar a gabansa. 'Yan ajinmu suka karɓi takardunsu a Yuni, aka yi hoto, muna daga gefe cikin kayan aiki. Ya rubuta wasiƙa gida, ban san me ya ce ba, ban kuma da fuskar tambaya. Yuli ya kama, na ga yana tsayawa a taga duk safiya har mai kawo wasiƙu ya wuce. Ya rame. Iya Magi ta tambaye ni ko mun yi faɗa ne, na ce a'a, ni ne na yi masa abin da ba a biya.

Azumi ya same mu a haka, a lokacin da rana ba ta faɗuwa a ƙasar sai bayan tara. Ina dawowa daga aiki a galabaice in kwanta. In na tashi shan ruwa, sai in tarar da abinci a rufe a kan tebur, da ruwa a kofi. Na ɗauka Iya Magi ce, na yi mata godiya, ta ce ba ita ba ce. Wannan ya fi shirun yi mini ciwo.

Wasiƙar ta zo wata Asabar da safe, azumi yana da 'yan kwanaki. Yaya Bulus ya ɗauke ta daga ƙasan ƙofa, ya dubi bayanta, sai ya tsaya cik. Duk wasiƙun da ke zuwa masa da rubutun Saratu suke zuwa. Wannan rubutun mahaifinsa ne, kamar wancan karon. Ya hau sama a hankali, na bi shi. Ya zauna a gado, ya kama bakin ambulan zai yage, ya fasa. Sai ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

"Kai ka tsare ni a nan," ya ce. "Kai za ka karanta."

Na buɗe. Tsohon ya fara da gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya ce ruwa ya sauka da kyau bana. Ya ce dawa ta yi, amma gyaɗar gonar gabas ba ta tsira sosai ba. Ya ce rufin coci yana yoyo, akuyar gwaggo ta ɓata an gano ta a Dayi. Ina karantawa ina tsallake layi da ido, ina jin numfashin Yaya Bulus. Sai a juyin takarda na iske maganar. Saratu ta sauka lafiya ranar Talata a asibiti, an sami ɗiya mace, mai ƙarfin kuka. Uwar tana cin abinci, tana tashi da kanta, hannunta ne bai yi ƙarfin rubutu ba tukuna.

Yaya Bulus ya kife fuskarsa a tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa. Na tsaya, ya yi mini alama in ci gaba. Saura layi uku. Tsohon ya ce Saratu ta ce a gaya masa kada ya sa damuwa a ransa, ta yafe masa kuskuren da ya ce ya yi a wurin aiki har aka ƙara masa wata uku, kowa yana kuskure. Ya ce kuma a gaishe da abokinsa Lawal, an gode masa da ya haƙura ya zauna tare da shi, Allah ya saka masa.

Na sake duban layin, na dubi Yaya Bulus. Wata biyu ina kwana da tunanin cewa a wani gida kusa da Dayi ana ambaton sunana da baƙin ciki, ashe bai taɓa gaya musu ba. Na buɗe baki in yi magana, ya girgiza kai, ya share fuska da hannun riga.

"Bar wannan," ya ce. "Koma wurin da aka ce tana cin abinci. Sake karanta mini, Lawal."

Na juya takardar na sake karantawa.